Kokawa Da Zuciya A Ƙagaggun Labaran Hausa: Ina Matsayinta Wajen Tarbiyya?

Gabatarwa

Duk malamin Hausa da ya taɓa karantar da ƙagaggen labari a makarantar sakandare ya san tambayar nan da ba ta tsufa: wane darasi muka koya daga wannan littafi? Ya kuma san amsarta, domin ita ma ba ta tsufa. Kafin ka rufe baki yara sun ɗaga hannu: illar son zuciya, muhimmancin haƙuri, sharrin mugun aboki. Su rubuta, mu ba su maki, a kaɗa ƙararrawa, kowa ya kama gabansa. Mun yi shekara da shekaru a kan haka, muna ganin tarbiyya muke bayarwa.

Wata rana muna bitar Jiki Magayi da 'yan aji biyar, sai wani yaro da ke zama can baya, wanda ba ya cika magana ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ni fa in ni ne Abubakar, abin da ya yi shi zan yi." Nan take aji ya kaure. Wasu suka goya masa baya, wasu suka yi masa ca. Can sai wata yarinya ta ce, "To Malam, shi Kyauta me ya yi wa Abubakar da za a lalata masa rayuwa?" Yaron nan ya buɗe baki zai ba ta amsa, sai ya yi shiru. Har aka tashi ba mu rubuta darasi ko ɗaya a allo ba. Amma a iya saninmu, ranar ce farkon ranar da ɗaliban nan suka shigo da zukatansu cikin littafin.

Abin da ya faru a wannan aji shi ya haifar da wannan maƙala. Ra'ayin da muke son gabatar wa 'yan'uwa marubuta shi ne: wurin da labari ya fi yin tarbiyya shi ne inda tauraro ya tsaya yana kokawa da zuciyarsa kafin ya zaɓi hanya. Hukuncin da marubuci ke yanke masa a shafin ƙarshe yana bayan wannan ne.

Me ake nufi da kokawa da zuciya?

Kowane labari yana tafiya ne a kan rikici. Akwai rikicin fili, wato wanda tauraro ke yi da wani abu da ke wajensa: abokin gaba, kishiya, talauci, dodo ko aljani. Akwai kuma na ɓoye, wanda fagen famarsa ƙirjin tauraron ne. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan. Shi ya sa yake cewa mutum yana saƙa da warwara, ko yana shawara da zuciyarsa, ko ya ce wata zuciyar ta ce masa kaza, wata kuma ta ce a'a. Malaman addini ma sun karantar da mu cewa akwai rai mai umurni da mummuna, akwai mai zargin kansa, akwai kuma wanda ya natsu.

Karin maganarmu kanta ba bakinta ɗaya ba. Bahaushen da ya ce haƙuri maganin zaman duniya, shi ne kuma ya ce rama cuta ga macuci ibada ne. Wanda aka zalunta yana jin duka biyun suna kiransa a dare ɗaya.

A 1974 aka buga ɗan nazarin nan na A. H. M. Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, inda ya jero halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu ɗalibin da zai kasa haddace su cikin kwana ɗaya. Abin da jerin bai faɗa ba, kuma ba aikinsa ne ya faɗa ba, shi ne yadda mutum zai yi in biyu daga cikinsu suka yi karo. Yaya za ka yi in faɗin gaskiya zai tona asirin wanda kake jin kunya? Yaya yarinya za ta yi in ladabi ga iyaye yana nufin ta amince da abin da ta san ba adalci ba ne? Ina iyakar haƙuri kafin ya zama zubar da mutunci? A nan ne rayuwa ke jarraba yaranmu, kuma a nan ne ƙagaggen labari ke da abin bayarwa wanda jerin halaye ba shi da shi.

Taurarin farko

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta samar mana da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. In muka dubi taurarinsu za mu ga yawancinsu sun gaji taurarin tatsuniya ne, waɗanda halinsu zanen dutse ne tun daga farko har ƙarshe.

Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya bar gida da niyya ɗaya, ya dawo da ita. Abin da ke tsakani wasan wayo ne da ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe. Muna dariya, muna jin daɗin Hausa, amma ba don ya raba mu da barci aka rubuta shi ba. Ganɗoki kuwa jarumi ne, jarumin baka da takobi, irin wanda shakka ba ta cikin kayan yaƙinsa.

Shaihu Umar ya fi su nauyi. Ga maraici, ga sata, ga bauta, ga ƙetare hamada, amma Umar ya fito daga duk wannan yana malami natsattse, mai tawakkali. Littafi ne mai daraja, kuma ba mu raina abin da yake koyarwa ba. Sai dai mun lura ɗalibai sukan girmama Umar ne daga nesa, kamar yadda ake girmama waliyyi. An nuna musu inda ya isa, amma ba su ga kansu a cikinsa ba, don shi da yake ba da labarin ya riga ya natsu, ya wuce wurin da su suke tsaye. Wadda takan taɓa su ita ce mahaifiyarsa, matar da ta zaɓi ta bar zaman lafiyarta ta bi sawun ɗanta har ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Ita ta yi zaɓi, kuma ta biya farashinsa.

Ko a littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937, akwai abin lura. Musa ɗan Sarki Abdurrahman yana tsakanin abu biyu: umurnin mahaifinsa na ya zauna gida, da begen Mahmudu da ya tafi yaƙi, ga kuma Waziri yana rura wuta don ya fitar da shi. Wannan kokawa da zuciya ce sosai. Amma Imam ya ciro murya ɗaya daga ƙirjin Musa ya sa ta a bakin aku. Aku ne ke riƙe shi da labari har gari ya waye. Dabara ce ta gwani, ta kuma dace da littafin da aka yi domin karatun yara. Duk da haka tambaya tana nan: ranar da babu aku fa, wa zai riƙe Musa?

Jiki Magayi

Wannan ne ya sa muke ganin Jiki Magayi ya fita daban a cikin 'yan'uwansa, duk da ƙanƙantarsa. Ga wanda ya manta, labarin a garin Galma ya faro. Abubakar da Zainabu suna son juna. Malam Shaihu attajiri ne da Allah bai ba haihuwa ba, sai ya yi mafarkin cewa in ya auri Zainabu zai samu. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura masa aure da ita. Abubakar ya bar gari ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi, ya sha baƙar wuya kafin ya samo. Da ya tashi ramawa kuwa sai ya auna ɗan da aka haifa, Abdullahi, wanda ake kira Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, ya haɗu da Dogon Yaro, daga ƙarshe ya kashe mahaifinsa a wurin sata ba tare da ya san shi ne ba.

Mu dubi mutum uku a nan. Malam Shaihu ba dodo ba ne. Abin da yake so, wato ɗa, babu Bahaushen da zai ce laifi ne. Laifin yana ga hanyar da ya bi, don ya san yarinyar da mai ita, ya kuma san ƙarfin aljihunsa ne zai raba su. Halattacciyar bukata ce ta yi karo da haƙƙin wani, ya fifita bukatarsa. Mai karatu zai iya tsayawa a wurin ya tambayi kansa, in shi ne ya shekara da shekaru babu ɗa, anya zai bar damar ta wuce?

Abubakar shi ma da gaskiyarsa ya fara. An cuce shi, kuma babu wanda ya bi masa haƙƙi. Shi ya sa ɗalibinmu ya ga kansa a cikinsa. Amma doguwar tafiyar da ya yi ita ce ta sauya shari'ar. Wanda ya rama cikin zafin rai a ranar ɗaurin aure daban yake da wanda ya yi ta tafiya gari ya gari yana kiwon ƙiyayya kamar ɗan akuya. Kowane zango da ya sauka dama ce ta ya juya, kowace wahala da ya sha tambaya ce, shin abin nan ya kai haka? Bai juya ba. Ta haka wanda aka zalunta ya zama azzalumi, ya huce a kan jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ba sai malami ya yi dogon wa'azi ba. Tambayar da yarinyar nan ta yi ta isa.

Kyauta kuwa a nan ne littafin ya nuna rauninsa ta fuskar da muke magana a kai. Satar Kyauta ba zaɓinsa ba ce, asiri ne aka yi masa. Muna tausaya masa, amma ba mu da abin koyo daga faɗuwarsa, domin wanda ba shi da zaɓi ba shi da kokawa. Yaron da ke fama da hannunsa a aji, in ya karanta Kyauta, iyakar abin da zai ɗauka shi ne wataƙila shi ma jifa aka yi masa. A wurin Tafida da East asirin yana da aiki, domin shi ne makamin da ya fito da girman laifin Abubakar. Matsalar ita ce yadda marubuta da yawa daga baya suka mai da boka mafakarsu. Miji ya wulaƙanta uwargida, an ce asiri ne. Ɗa ya bijire wa uwarsa, an ce an shiga tsakani ne. Da an karya sihiri sai kowa ya koma mutumin kirki, babu wanda zai zauna ya fuskanci abin da zuciyarsa ta so da kanta. Wannan yana sauƙaƙa wa marubuci aiki, amma yana koya wa mai karatu ɗora laifinsa a kan wani.

Littattafan da suka biyo baya

Littattafan da suka cika kasuwa daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, waɗanda aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, sun sha suka a jaridu cewa suna ɓata tarbiyya. An yi ta muhawara, kowane ɓangare da hujjarsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, waɗannan marubuta, musamman mata, su ne suka buɗe ƙirjin tauraro sosai a rubutun Hausa. Su suka kawo mana daren da ba a barci, da wasiƙar da aka rubuta aka yage, da hawayen da ake ɓoye wa uwa. Wannan ci gaba ne, ya kamata a yaba.

Inda da yawansu suka tsaya rabin hanya shi ne, zuciyar da suka buɗe murya ɗaya gare ta. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya shahara ƙwarai a farkon shekarun 1990, kuma ya taɓo ciwo na gaske, wato fifita mai kuɗi a kan wanda yarinya ke so. Masu suka sun fi tsayawa a kan faɗawar Sumayya rijiya. Mu a namu ganin, abin tambaya ga irin wannan labari shi ne, wane nauyi aka ba ɗaya ɓangaren? Yarinyar gaske da ke cikin halin Sumayya ba son saurayi kaɗai ke cikin ranta ba. Tana son iyayenta, tana tsoron fushinsu, tana jin kunyar unguwa, wani lokaci ma tana shakkar ko ita ce ba ta da gaskiya. In marubuci ya tattara dukkan gaskiya ya ba masoya, ya tattara dukkan kwaɗayi ya ba manya, to rikicin ya koma na fili, an bar yarinyar da ke karantawa ba a taimake ta da komai a kan nata ruɗanin ba.

Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, misali ne na inda aka yi dace. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda Delu. Rabi ta tsaya da ƙafarta, tana sayar da abinci tana riƙon 'ya'ya. Sai duniya ta juya wa Alhaji baya, dukiya ta salwanta, aka dawo ana matsa wa Rabi ta karɓe shi. In darasin allo ake nema, ai sunan littafin ya riga ya bayar. Amma wurin da ke hana mai karatu sakat shi ne matsayin Rabi. Ga mutuncinta da ta ƙwato da guminta, ga uban 'ya'yanta a wulaƙance, ga maganar 'yan'uwa da surukai. Duk inda ta juya akwai abin da za ta rasa. Mun ga ɗalibai mata sun rabu biyu a kan ƙarshen wannan littafi, kowace tana kawo hujja daga abin da ta gani a gidansu ko a maƙwabta. Littafin da ya sa yara irin wannan muhawara ya yi musu aikin da bulala ba ta yi.

Ga masu tsoron a nuna jarraba

Mun san akwai masu cewa in ka nuna yadda zuciya ke ƙawata wa tauraro ɓarna, ai ka koya wa yaro ɓarnar ke nan. Tsoronsu yana da tushe, domin akwai marubutan da ke shafe shafi ɗari suna kwatanta daɗin sharholiya, sannan su kawo hatsarin mota a shafi biyun ƙarshe su ce faɗakarwa suka yi. Yara ba wawaye ba ne, sun san inda marubuci ya fi zuba gwanintarsa. Amma wannan ba kokawa da zuciya ba ce, talla ce aka yi wa ɓarna aka rufe da tuba. Abin da muke kira a kai shi ne a nuna muryoyin nan biyu suna ja-in-ja tun kafin a aikata, yadda yaro zai gane muryar jarraba ranar da ta zo masa. Kuma za ta zo, ko ya karanta littafi ko bai karanta ba. Gara ya fara haɗuwa da ita a takarda, inda kuskure ba ya kashe kowa.

Shawara ga sababbin marubuta

Da farko, ka ba kowane ɓangare nauyinsa. A ce tauraronka yaron shago ne, maigidansa ya yarda da shi har ya bar masa makulli, ga mahaifiyarsa kwance a asibiti an rubuto magani, ya roƙi bashi an hana shi. In ka sa shi ya ce Allah Ya kiyaye ya wuce cikin layi ɗaya, ba ka yi komai ba. In kuma ka sa shi ya kwashe kuɗin ba tare da ko ɗar ba, nan ma haka. Ka bar mu tare da shi a shagon nan bayan magariba, ya buɗe akwatin kuɗi ya rufe, ya ƙirga daidai na magani ya mayar, ya tuna ranar da maigida ya kira shi ɗana a gaban mutane.

Na biyu, ka nuna kokawar a aikace. Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Tuwon da aka tura gefe ba a ci ba, da sallamar da aka yi aka kasa shiga, sun fi shafi uku na "ta shiga tunani".

Na uku, ka bar tauraro ya zaɓa da kansa. Kada boka, ko mafarki, ko mutuwar ba-zata su yanke masa shawara a daidai lokacin da abu ya yi tsanani.

Na huɗu, kada ka biya shi lada da gaggawa. In duk wadda ta yi haƙuri a littafinka tana ƙarewa ne a gidan Alhaji mai mota, to ka koya wa yara cewa haƙuri jari ne da ake jiran ribarsa a nan kusa. Ranar da ɗayansu ya yi gaskiya ya sha wuya, sai ya ga an yaudare shi. Ka nuna musu wanda ya zaɓi daidai, ya yi asara, kuma bai yi da-na-sani ba.

Mu ma malamai akwai namu gyaran. Maimakon mu riƙa tambayar wane darasi aka koya, mu gwada tambayar su: a ina ne tauraro ya sami damar juyawa? Me ya hana shi? Me zai rasa in ya juya? Tun da muka koma irin waɗannan tambayoyi, amsoshin da muke samu sun daina zama iri ɗaya.

Kammalawa

Ba muna cewa a yar da Ruwan Bagaja ko a daina karanta Shaihu Umar ba. Kowane da ranarsa, kuma adabin da babu raha da abin koyi a cikinsa bai cika ba. Abin da muke faɗa shi ne, marubucin da ya rubuta a bangon littafinsa cewa don faɗakarwa da gyaran tarbiyya ya yi shi, ya ɗaukar wa kansa alkawari. Yau da yaranmu ke karanta yawancin labaransu a waya, nesa da idon malami da na iyaye, tauraron da marubuci ya ƙirƙira shi ne abokin hirarsu na dare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma ɗan Adam akwai ranar da babu mai tanƙwara shi sai kansa. Domin wannan rana ya kamata mu riƙa yi masa rubutu.

Muna fatan 'yan'uwa marubuta da manazarta, musamman waɗanda suka saɓa da mu a kan Kyauta ko a kan Rabi, za su aiko da nasu ra'ayi a fitowa ta gaba. Allah Ya sa mu dace.